Ta ina matan gidan yari suke shigowa?

Duk shekara idan azumi ya kai goman ƙarshe, akwai wani hoto da ba ya ɓacewa a Facebook. Wata ƙungiya ta shiga gidan yari da katan-katan na sabulu da buhunan shinkafa da atamfofi, an jera matan da ke tsare a tsakar gida sun ja mayafi sun rufe fuska, shugabar ƙungiya tana miƙa leda. Wani lokaci har a biya wa mutum biyar ko goma tara, a ba su kuɗin mota su je su yi salla a gida. Ba na raina wannan aiki. Wanda bai taɓa kwana a inda sabulu ya zama abin roƙo ba, bai dace ya yi wa mai kai sabulu dariya ba. Sai dai duk wanda ya koma gidan bayan babbar salla zai tarar ɗakin ya sake cika, fuskoki sababbi, labari irin na jiya. A nan ne aikin jagorancin ƙungiyar da ke tsaya wa matan gidan yari yake rabuwa gida biyu. Akwai mai share ruwan da ya shigo ɗaki, akwai mai hawa sama ya nemo inda rufin yake yoyo.

A 'yan shekarun nan, mutanen da ke gidajen yarin Najeriya suna kaiwa da komowa ne a wajen dubu 80. Mata a cikinsu kashi 2 ne cikin ɗari ko ɗan abin da ya ɗara haka. Idan aka kwatanta da sauran duniya, wannan kaɗan ne ƙwarai, domin ƙididdigar da aka fitar a 2022 ta nuna mata da 'yan mata sama da 740,000 ne ke tsare a duniya, kusan kashi 7 cikin ɗari na dukkan fursunoni, kuma Amurka kaɗai tana riƙe da fiye da 200,000. Mai karatu zai ce to ai abin da sauƙi ke nan. Ni kuwa a ganina ƙarancin nan shi ne tushen wahalarsu. Mutum biyu a cikin ɗari ba sa tayar da tarzoma, ba sa fasa katanga su gudu, ba sa hana shugaban gida barci. Duk wani tsari, daga ginin ɗaki zuwa kasafin abinci zuwa irin maganin da ake ajiyewa a ɗakin shan magani, an auna shi ne da namiji. Gidajen da aka ware wa mata zalla a duk faɗin ƙasar ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, wanda aka fi sani shi ne na Kirikiri a Legas. A sauran wurare, mace tana zaune ne a wani sashe da aka yanka daga gidan maza, galibi a tsoffin gine-gine irin Kurmawa na Kano da aka gina tun 1910. Idan akwai wurin koyon sana'a ko aji ko fili, yana ɓangaren maza, kuma tunda ba za a gwamutsa su ba, mace ce ke haƙura.

A Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa Naira 750 ake ware wa abincin fursuna a rana, karen hukumar kuma Naira 800. Maganar ta tayar da ƙura, daga baya aka ɗaga kuɗin zuwa Naira 1,125. Abin da bai samu shiga surutun ba shi ne, a cikin masu cin wannan gabza akwai mai ciki wata bakwai, akwai mai jego, akwai mai goyon da ya fara cin abinci. Bisa al'adar gidajen yarinmu, jariri yana zama da uwarsa har wajen wata 18. Shi ba a yanke masa hukunci ba, ba ya cikin lissafin fursunoni, saboda haka sau da yawa ba ya cikin lissafin kwano. Audugar mata kuwa, abin da mace ke buƙata duk wata, a wurare da dama sai an jira mai taimako.

To amma me ya kawo su? Nan ne ya kamata a daɗe, domin wanda bai fahimci hanyar shiga ba zai ƙare rayuwarsa yana rabon leda.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A ɓangaren mata, idan ka zauna ka saurari dalilan, za ka ji abubuwan da a da ake kashe su a zauren mai unguwa. Uwar adashi ce kuɗi suka maƙale a hannunta. Dillaliya ce ta karɓi kayan ɗaki ta bayar bashi, mai saye ya gudu. 'Yar aiki ce uwar ɗakinta ta nemi sarƙar gwal ta rasa. Kishiyoyi ne suka yi cacar baki har ta kai ga ruwan zafi. Bashi a dokar Najeriya ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa, kuma dokar tafiyar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta faɗa ƙarara a sashe na 8 cewa ba a kama mutum saboda saɓa alƙawarin ciniki ko rigimar da ba ta laifi ba. Amma mai bin bashi ya san hanya. Da ya isa caji ofis sai bashi ya sauya suna ya koma cin amana ko zamba, kuma waɗannan laifuka ne a kundin dokar Penal Code da ake aiki da shi a Arewa. Haka nan sashe na 7 na wannan doka, da sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020, sun haramta kama wani a madadin wani. Duk da haka, wa bai taɓa jin an zo neman miji ko ɗa ba a same shi ba, aka tafi da matar ko uwar "har sai ya kawo kansa"?

Akwai kuma kamen titi. A 2017 kotun ECOWAS ta yanke hukunci a ƙarar da Dorothy Njemanze da wasu mata suka shigar, ta ce kama mata da dare a titunan Abuja ana kiransu karuwai tauye haƙƙinsu ne, ta kuma umarci gwamnati ta biya diyya. Shekara biyu bayan haka, a Afrilun 2019, aka sake kwashe mata da dama daga wuraren shaƙatawa a Abujar. A Disambar 2020 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ta ba da fatawa cewa dokokin da ke hukunta mutum don zaman banza ko yawon gararamba, waɗanda aka gada daga Turawan mulkin mallaka, sun saɓa wa yarjejeniyar Afirka, kuma talakawa da mata suka fi cutarwa.

Ba kuma za a ɓoye masu manyan laifuka ba. Akwai matan da ake tuhuma da kisa, kuma wasu sun aikata. Ƙungiyar da ke nuna kamar duk wadda ke ciki salihar baiwa ce da aka zalunta tana zubar da mutuncinta a idon alƙalai da gandirobobi, waɗanda suka karanta fayil. Sai dai ko a nan ɗin, idan an bi sawu, ana yawan tarar da auren da aka yi wa yarinya ba da sonta ba, ko duka na shekara da shekaru, ko taɓin hankalin da kan kama mace bayan haihuwa wanda ba a gane ba aka ce iskokai ne. A Katsina an taɓa yanke wa wata hukuncin kisa a 2012 kan mutuwar mijinta, laifin da ake zargin ta aikata tana shekara 13. Lauyoyin wata ƙungiyar Faransa da ke aiki a Najeriya suka kai maganar kotun ECOWAS, wadda a 2014 ta ce yanke wa wanda ya yi laifi yana ƙaramin yaro hukuncin kisa ya saɓa wa alƙawuran da Najeriya ta sa wa hannu. Daga baya ta samu fita. Ba ledar sabulu ce ta fito da ita ba.

Abin da ke tsawaita zaman jiran shari'a yana da inji, kuma injin ba shi da wuyar ganewa. 'Yan sanda sukan kai wanda ake zargi da babban laifi, kamar kisa ko fashi, gaban majistare, alhali majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan shari'a. Abin da zai iya kawai shi ne ya ce a kai ta gidan yari a ajiye har sai ma'aikatar shari'a ta ba da shawara ko akwai hujjar gurfanar da ita a babbar kotu. Daga nan sai fayil ya shiga duniya. Dole ɗan sandan da ya yi bincike ya kwafi takardun ya aika, wataƙila babu kuɗin kwafi, wataƙila an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Idan fayil ya isa, yana layi a teburin lauyan gwamnati da ke da ɗaruruwan irinsa. Idan shawara ta fito, sai a jira a ba wani alƙali shari'ar. Ranar zaman kuma motar kai fursunoni ba mai, ko babu gandiroba mace da za ta yi rakiya, ko shaida bai zo ba, a ɗage. Dokar 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan rami. Ta ce umarnin ajiya kada ya wuce kwana 14, ana iya sabunta shi amma da iyaka, daga nan kotu ta kira masu tuhuma su faɗi dalilin ci gaba da tsarewa, in ba su da shi a ba da beli ko a sallama. Jihohi sun yi nasu kwafin dokar, Kano ta yi nata a 2019. Amma kwana 14 ba ya ƙirga kansa. Sai an samu wanda ya rubuta ranar, ya dawo ranar da ta cika, ya miƙe a kotu ya tuna wa alƙali.

Beli ma yana da tasa fuskar ta mata. Namiji idan aka tsare shi, matarsa za ta sayar da tunkiya, uwarsa ta sayar da gado, 'yan'uwa su yi karo-karo. Mace idan aka tsare ta, abu na farko da dangi ke lissafawa shi ne abin kunya. Miji na iya aiko da takardar saki tun ba a fara shari'a ba. Waɗanda suka fi tsayawa a kanta, uwa ko ya ko ƙawa, su ne kuma aka daɗe ana korarsu da cewa mace ba ta tsaya wa mutum beli. Babu dokar da ta taɓa cewa haka, kuma sashe na 167 na dokar 2015 ya fito fili ya ce kada a hana kowa tsayawa don kawai mace ce. Har yanzu a wasu wuraren sai an nuna wa jami'i shafin da yatsa. Idan kuma sharaɗin belin ya ce sai ma'aikacin gwamnati mai wani matakin albashi, ko mai takardar fili a cikin birni, to 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye an ba ta beli a baki ne kawai.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a kan takarda kusan babu abin da ya rage a nema. A Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna ta koma ta gyaran hali, bayan ƙudurin ya shafe fiye da shekara goma yana yawo a majalisa. Ƙungiyoyi irin su PRAWA mai fafutukar gyaran gidajen yari, wadda Uju Agomoh ta kafa a 1994, sun daɗe suna tura wannan mota. Sashe na 34 na dokar na mata ne ɗungurungum. Ya tanadi wurin mata na daban a kowace jiha, da kula da lafiya da abincin masu ciki da masu shayarwa da jariransu, da ɗakin renon yara, da gwajin ciki ga duk wadda aka kawo cikin kwana 14 da shigarta. Hikimar gwajin ba ɓoyayyiya ba ce. Idan mace ta shigo ba ciki, aka wayi gari tana da shi, doka ta ce a yi bincike har da gwajin jini don gano wanda ya yi. Sashe na 12 ya ba shugaban hukumar na jiha ikon sanar da babban jojin jiha idan gida ya cika, har ya ƙi karɓar ƙarin mutane idan ba a ɗauki mataki ba. Rabin dokar na biyu kuma gaba ɗaya kan hukuncin da ba na ɗauri ba ne, kamar aikin yi wa al'umma hidima, da sakin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa.

Wannan ya yi daidai da ƙa'idojin Bangkok guda 70 da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a Disambar 2010, bisa ƙoƙarin ƙasar Thailand. Su ne suka ce a ba mata audugar al'ada kyauta, mace ce kaɗai za ta caje mace, kada a sa wa mai naƙuda ankwa, kuma ga mai ciki ko mai ƙananan yara a fifita hukuncin da ba na ɗauri ba matuƙar laifin ba mai girma ba ne. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta riga su faɗin haka a sashe na 30. Mu kuma da muka taso da labarin matar nan ta Gamidiyya, wadda Manzon Allah (SAW) ya mayar da ita har ta haihu, ya sake mayar da ita har ta yaye, ba ma buƙatar a zo daga Bangkok a koya mana cewa ɗan cikin ciki da ɗan goye ba sa ɗaukar laifin uwa.

Tunda doka ta samu, aikin shugabar ƙungiya ya sauya kama. A da neman a rubuta ake yi, yanzu neman a aikata, kuma na biyun ya fi gajiyarwa kuma ba ya kyau a hoto. Sashe na 34 na dokar 2015 ya wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ba da beli inda ya dace. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin ganin wannan ziyara tana faruwa, ta raka majistare da lauya ɗaya da littafin rubutu, za ta iya tare mata da yawa tun ba su ga ƙofar gidan yari ba. Haka nan babban jojin jiha yana da ikon shiga gidan yari ya saki waɗanda tsarewarsu ta saɓa doka ko ta wuce ƙima. Amma yana aiki ne da jerin sunayen da aka ɗora masa a tebur. Wanda ya zauna mako uku yana haɗa jerin, da ranar kame da lambar ƙara da ranar zaman ƙarshe, shi ne a zahiri ya buɗe ƙofar. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnati, wadda aka kafa tun 1976, ba ta da lauyoyin da za su isa ko'ina, shi ya sa ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ɗaliban shari'a na jami'o'i da mataimakan lauya da aka horar suke cike giɓi. A Saliyo, ƙungiyar AdvocAid da aka kafa a 2006 tana aiki da irin waɗannan mataimaka masu zagayen caji ofis.

Sai dai akwai tarko, kuma duk wadda ta yi wannan jagoranci ta san shi. Ba a shiga gidan yari sai da izini, kuma mai ba da izinin shi ne wanda za ki iya kamawa da laifi. Kin ga mai ciki kwance a ƙasa, kin ji labarin da ya ɗaga miki hankali. Idan kika fita kika kira 'yan jarida, gobe takardar izininki ta ɓace, matan da kike kai wa magani su ne za su ɗanɗana, wadda ta ba ki labari kuma tana nan a hannunsu. Idan kika yi shiru, kin zama fentin da ake shafa wa bango mai tsaga. Ban yarda da masu cewa kowace ƙungiya dole ta zama mai ihu ba, ban kuma yarda da masu fakewa da "muna bi a hankali" shekara goma ba. Abin da na ga ya fi aiki shi ne rabon aiki. Masu shiga ciki su riƙe ƙofa su tattara bayanai, masu zuwa kotu da majalisa da gidan rediyo su zama wasu daban, amma kunnensu ɗaya. Ya kamata kuma a tuna gandiroba ba shi ya kamo kowa ba. An kawo masa ne da takardar kotu, ba shi da ikon cewa a'a, shi ma albashinsa bai kai masa wata. Dukan taiki ake yi a bar jaki idan aka tattara duk fushin a kansa, alhali matsalar tana wajen ɗan sanda mai bincike da teburin ma'aikatar shari'a.

Tarko na biyu kuɗi ne. Masu ba da tallafi daga waje suna son aikin shekara ɗaya ko biyu, mai adadin da za a rubuta a rahoto, kamar mata nawa aka koya wa ɗinki, taro nawa aka yi a otal. Shari'ar kisa kuwa tana iya cin shekara bakwai, kuma ba mai son biyan kuɗin motar lauya zuwa zaman da za a ɗage. Masu hannu da shuni na gida su kuma sun fi son biyan tara, don lada a bayyane take, mutum ya fita a gabanka. A Nuwambar 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da tara ta riƙe, da Naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu taimako. Alheri ne babba ga waɗanda suka fita. Amma a duba lissafin da kyau. Mutumin da aka ɗaure don ya kasa biyan tarar Naira dubu 20, a kuɗin abinci kaɗai gwamnati za ta kashe fiye da haka kafin wata guda ya cika. Kuma biyan tara yana amfanar wanda aka riga aka yanke wa hukunci ne kawai. Mafi yawa, masu jiran shari'a, ba su da tarar da za a biya musu. Ga masu bashi kuwa, muna da ƙofar da ba a buɗe ta sosai ba. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ce a ba zakka. Da hukumomin zakka na jihohi za su zauna da kotuna a kafa teburin sulhu tun ranar farko, a biya ko a tsara biya kaɗan-kaɗan, da uwar adashi ba ta kwana ko ɗaya a ciki ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda a Arewa shi ne ke raba nasara da faɗuwa. Shari'ar Amina Lawal ba ta zaman kurkuku ba ce, amma darasinta ya shafi duk mai wannan aiki. Kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa kan zargin zina a Maris ɗin 2002, ta Funtuwa ta tabbatar a Agusta. Duniya ta ɗauka, wasiƙun zanga-zanga suka yi ta kwarara daga Turai, wasu ɗauke da bayanan da ba daidai ba. A 2003 ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB ta fito ta roƙi a dakatar da wasiƙun, domin suna harzuƙa mutane kuma suna iya jefa matar da lauyoyinta cikin haɗari. Ƙungiyar WRAPA, ita ma ta kare haƙƙin mata, da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka yi gardamarsu daga cikin fiƙihun Malikiyya, kan ingancin iƙirari da haƙƙin janye shi da kuma maganar kwantaccen ciki. Ranar 25 ga Satumbar 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Katsina ta wanke ta. Shugabar ƙungiyar da za ta shiga wajen alƙali ko malami ko hakimi tana jero sunayen yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa za a saurare ta cikin ladabi a sallame ta. Wadda ta san abin da littafin da ke gaban alƙalin ya ce, da ita ake zama.

Tun Maris ɗin 2023, bayan gyaran tsarin mulki, jihohi ma suna da ikon kafa gidajen gyaran halinsu. Wannan ya matso da maganar kusa, domin mafi yawan waɗanda ke tsare dokokin jiha ake tuhumarsu da karyawa, kotunan jiha ne suka aika su, amma gwamnatin tarayya ke ciyar da su. Gwamnan da bai taɓa biyan kuɗin kwano ɗaya ba ba shi da dalilin damuwa da jinkirin ma'aikatar shari'arsa. Ina jin tsoron abu ɗaya dai, kada a fahimci gyaran a matsayin izinin gina sababbin katangu. Idan an ce mata na cikin matsi, amsar da ta fi saurin zuwa bakin ɗan siyasa ita ce kwangilar sabon gini, kuma ɗaki idan an gina shi sai an cika shi. A Ingila, rahoton da Baroness Corston ta gabatar a 2007 bayan mutuwar wasu mata a gidan yarin Styal ya ba da shawarar akasin haka, wato ƙananan cibiyoyi a cikin gari inda mace za ta yi hukuncinta ba tare da an raba ta da 'ya'yanta ba. Ko a can ba a aiwatar da shi duka ba.

Ranar fita ita ce ƙungiyoyi suka fi mantawa da ita. Namiji ya fito daga gidan yari, a yi masa barka, wani har a ce ya zama namijin duniya. Mace ta fito, ko da kotu ce ta wanke ta bayan shekara huɗu, sunan ya riga ya bi ta. Ɗakinta an sa wata, 'ya'yanta an raba wa dangin uba an ce musu ta mutu ko ta yi tafiya, jarinta ya narke, masu ba ta kaya bashi sun rufe littafi. Keken ɗinkin da aka ba ta a bikin sallama sau da yawa shi ne abin da za ta fara sayarwa don ta samu wurin kwana. Waɗanda suka fi iya wannan ɓangare su ne matan da suka taɓa zama a ciki, don sun san wace tambaya ce ba a yi wa mai fitowa, kuma ƙungiyar da ke kiransu su ba da labari su yi kuka a taro amma ba ta ba su kujera a kwamitinta tana amfani da su ne kawai. Aikin yana farawa ne makonni kafin ranar. A nemo wanda ya rage a dangi mai sauƙin zuciya, galibi wata goggo ko inna. A je wa mai unguwa da limamin unguwa a yi musu bayani, a nuna musu takardar kotu. Ranar da za ta koma, kada ta sauka daga mota ita kaɗai da leda a hannu da tsakar rana. A bari sai bayan magariba, dattijo a gaba, goggo a gefe, a yi sallama a zaure.